Ranar da Mama Ta Yi Itace a Abuja

Tunda muka dawo daga Abuja bakina bai huta ba. Duk wadda ta kawo ɗinki shagona sai ta gyara zama a kan benci ta ce, "Rifkatu, wai da gaske Mamarku ta yi itace a Abuja?" A majami'a ma haka, ana tashi sai a kewaye ni. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ɗauki labarin sai ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji wai 'yan sanda sun kama ta. Ba wanda ya kama kowa. Ga yadda aka yi, tun daga farko.

Mamarmu ta haura saba'in, ko da yake in ka faɗa a gabanta faɗa za ku yi. Gonarta tana kan dutse a bayan Zuru, inda kakanninmu suka zauna kafin mutane su sauko ƙasa. Can take shuka dawa da gyaɗa, kuma ba ta taɓa saukowa hannu wofi ba, sai da damin itace a kai. Bara da kaka ta zame a hanyar saukowa, ta karye a hannun hagu. Ni na same ta zaune a gefen hanya, itace a warwatse, tana ta masifa wai igiyarta ta tsinke. Tsoron da na ji ranar har yanzu bai gama barin jikina ba.

Shi ya sa da yayanmu Ishaya, wanda yake aiki a Abuja, ya kira ni, ban yi masa gardama ba.

"Ki kawo min ita kawai," in ji shi. "Ki ce mata sati ɗaya za ta yi, ta ga jikokinta. In dai ta shigo gidan nan, ita da dutsen nan sun yi sallama."

Na ce to. Na je na shirga wa mahaifiyata ƙarya ina kallon ƙasa. Ta ce ba komai, a je, amma fa a dawo kafin ruwan fari, don irinta yana cikin rumbu yana jira.

Ranar tafiya ta fito da kaya kamar mai ƙaura: garin dawa, kuka, gyaɗa, da ƙullin daddawa wanda tun daga ƙofar gida yake sanar da zuwansa. A saman jakar ta ɗora igiya da gammonta.

"Mama, igiya kuma ta mece ce?"

"Ke dai sa. Wa ya san mi za a iske?"

Da sassafe bas ɗinmu ta tashi daga tasha. Hanyar Zuru zuwa Kontagora kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Mama ta zauna kusa da wani dattijo Bafulatani da zai je kasuwar shanu. Kafin mu kai Dirin Daji sun raba goro, sun yi faɗa a kan shanun da ke shiga gona, sun shirya, sun koma gardamar ranar da ruwa zai sauka. Shi ya ce kwana goma sha biyar, ita ta ce ba ya kai goma. Kowane yana leƙa sama ta taga yana kafa hujja, ni kuwa duk sanda suka ambaci ruwa sai in tuna ƙaryar da na shirga mata.

Kusa da iyakar Kebbi da Neja sojoji suka tsayar da mu. Wani matashi a cikinsu ya ce a sauke jakar nan mai wari a buɗe. Mama ta sauko da kanta, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, sai kawai ta yi masa magana da yarenmu na C'lela. Yaron ya tsaya baki buɗe. Ashe ɗan ƙasarmu ne, kuma ba a yi minti biyu ba ta gano kakarsa, ta ce tare suka yi 'yan matanci.

"Kai wanga, haka anka koya maka gaida manya? Da bindiga rataye?"

Ya juya bindigar baya, ya rusuna ya gaishe ta yadda ya kamata, abokan aikinsa suna ta dariya. Ta kwance ƙullin ta damƙa masa daddawa da gyaɗa, ta ce ya riƙa cin abinci, ya rame. Da muka wuce direba ya ce, "Mama, da zan samu, da kullum da ke zan riƙa bin hanyar nan."

A Kontagora muka sauya mota. Dattijon nan ya zo har taga ya yi mana ban kwana.

"Uwar gida, ki koma da wuri. In ruwa ya riga ki, ni na ci gardama ko da kwana goma ne."

"Sati guda za ni yi," in ji Mama, ta kuma waiwayo ta dube ni. Na duƙa ina gyaran takalmin da ba abin da ya same shi.

Sauran hanyar ba ta da wani labari sai taya da ta fashe mana bayan Tegina. Ana canzawa Mama ta shiga gonar wani bawan Allah ta duba kunyoyinsa na bara, ta dawo ta ce mai gonar malalaci ne. Mun ci soyayyen kifi a Zungeru, mai yaji har sai da na yi hawaye. Da muka iso Dutsen Zuma kowa a motar ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Na taɓa ta na ce ta duba. Ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Babba dai babba ne. Amma ko akuya ba ta samun abin ci bisanai."

Yaya yana zaune a bene, hawa na uku. Matarsa Saratu ta karɓe mu hannu bibbiyu, yara suka maƙale wa kakarsu. Sai aka kai Mama ɗakinta: sabon gado, sabon labule, talabijin, da wani ƙaton kabad na kaya wanda zai ɗauke tufafin mutum uku. Wa yake sayen wannan don baƙon sati ɗaya? Mama ta buɗe kabad ɗin, ta rufe. Jakarta ma a ƙasa ta bar ta.

Washegari da safe aka nemi Mama aka rasa. Ashe ta bi ƙofofin gidan ɗaya bayan ɗaya tana gaida maƙwabta, kowa da ɗan ƙullin daddawarsa. A wurinmu baƙo ba ya kwana a unguwa ya tashi bai gaida mutane ba. A can kuwa Yaya ya shekara huɗu a gidan bai san sunan mai ƙofar da ke kallon tasa ba. Wani ya yi mata magana ta bayan ƙofa ya ce ba ya saye. Wata 'yar kudu ta karɓa da murna, ta ce su ma suna da irinta a garinsu, har ta rako ta. Mama ta dawo ta shaida wa Yaya cewa matar hawa na biyu ba ta da lafiya, ya kamata ya leƙa.

Abinci kuwa Saratu ta yi iya ƙoƙarinta. Ta tuƙa tuwon dawa da garin da muka kawo, a kan gas. Mama ta ci, ta sa albarka, amma da muka keɓe ta raɗa min cewa tuwon da bai ji hayaƙi ba bai gama zama tuwo ba. Zuwa kwana na uku ta daina yawo. Yara suna makaranta, manya suna wurin aiki, sai ta ja kujera bakin taga ta zauna tana kallon sama ta tsakanin ƙarafa. Ban taɓa ganin Mama zaune da rana tsaka hannunta ba komai ba. Abin ya dame ni ƙwarai, na kuwa faɗa wa Yaya.

"Za ta saba," ya ce. "Ran Asabar zan kai ta dutsen da ake hangen gari. Tana son dutse, to ga dutse. In ta ga Abuja daga sama, ta kuma ji yadda ƙafafunta suka gaji, a can zan faɗa mata."

Dutsen yana gefen Katampe. Yaya ya ce shi da abokansa suna hawa duk Asabar don motsa jiki, amma takalmin da ya fito da shi har da takardarsa a ciki. Mama ta ɗaura zane, ta naɗe igiya a ƙugu, ta ɗauki gammo.

"Mama, ki bar waɗannan. Kallo kawai za mu je."

Ta yi kamar da bango yake magana.

A gindin dutsen muka tarar da motoci jere da mutane cike, maza da mata cikin matsattsun kaya, kowa da gorar ruwa, wasu da sandunan ƙarfe na kanti, wasu sun toshe kunne da waya. Mama ta tsaya tana kallonsu, fuskarta cike da tausayi.

"Mi ya ɓace musu?"

"Ba abin da ya ɓace, Mama."

"Gona gare su bisa?"

"A'a. Hawa kawai suke yi, su kalli gari, su sauko."

"Su sauko da mi?"

"Ba da komai ba."

Ta riƙe haɓa. Ku fahimce ta: a wurinmu ba a hawa dutse sai da dalili. Ko gona, ko akuya ta ɓace, ko neman magani, ko itace. Wanda ya hau ya sauko yana kaɗa hannu, to ko dai ba shi da lafiya ko ba shi da tarbiyya. Duk da haka kowa muka wuce sai ta ce masa, "Sannu da aiki," su kuma su amsa da murmushi, ba su san tausayinsu take ji ba.

Yaya ya ɗauki hanya da ƙarfinsa, tsaye ƙyam, yana waiwayowa yana cewa in ta gaji ta faɗa. Mama ta bi nata salon, ƙananan taku, gefe-gefe, ta karkata dama ta karkata hagu, ba sauri ba tsayawa. Ba mu kai rabi ba muka iske Yaya jingine da wani dutse, rigarsa ta jiƙe sharkaf, wai yana amsa waya. Wayar a juye take a hannunsa. Mama ta wuce shi ta ce, "Sannu da aiki."

Ni da ita muka fara kaiwa. Gaskiya ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Garin gaba ɗaya a shimfiɗe a ƙasa, dogayen benaye, tituna masu faɗi da motoci ƙanana-ƙanana suna bi, ƙubbar babban masallaci tana ƙyalli, ga babbar majami'a can kusa da ita, duwatsu sun kewaye su. Iska mai daɗi tana kaɗawa. Na shagala da ɗaukar hoto har Yaya ya iso yana haki, ya zube a ƙasa, ya shanye ruwansa da nawa.

Da numfashinsa ya dawo sai ya gyara murya. "Ina Mama? Kira ta, yanzu ne lokacin."

Na juya. Babu Mama.

Na duba cikin masu hoto, babu. Na leƙa gefen da dutsen ya yanke, hoton bara ya dawo min, ita zaune a gefen hanya da karyayyen hannu. Muka shiga ƙwala kira, mutane suka taya mu nema. Wani mai kula da wurin, Bagwari, shi ne ya ɗaga hannu daga bayan wasu duwatsu yana dariya.

Ga Mama a duƙe. Ta shimfiɗa igiya a ƙasa, ta jera busasshen itace a kai, manya a ƙasa ƙanana a sama, ta sa gwiwa ta danne tana ɗaurewa.

"Mama, ba a sarar itace a nan fa," in ji mai kula da wurin.

"Ban sara ba, ɗana. Wanda ya hwaɗi na tsinta. Itace mai kyau haka, ga mutane ɗari, ba mai duƙawa!"

"Haka uwata take yi," ya ce. "Ɗauki abinki."

Masu kallon gari suka juya wa gari baya suka koma kallon Mama, wayoyi a sama. Cikinsu har da abokan aikin Yaya. Na ga kunya ta rufe shi, sannan kunyar ta koma fushi, duk jawabin da ya kwana uku yana shiryawa ya tashi a banza.

"Wannan itacen ne ya kusa kashe ki bara! Mama, ba za ki koma Zuru ba. Ɗakin nan naki ne. Na gama magana."

Ni dai na rasa inda zan sa kaina.

Mama ta ƙarasa ƙullin igiyarta tukuna, sannan ta miƙe.

"Na sani. Tun ranar da Rifkatu ta zo tana yi ma ƙasa magana na sani. Zo nan."

Ta kama hannunsa ta ja shi zuwa inda ake hangen gari, na bi su a baya.

"Gwada min gidanka."

Yaya ya miƙa yatsa, ya karkata shi dama, ya dawo da shi hagu. Ya ce bayan wancan dogon benen ne. Ya sake dubawa ya ce a'a, kamar dai wancan ne. Benayen duk kamanninsu ɗaya.

"Wajen can dai," ya ce.

"To ya isa," in ji Mama. "Abin da na zo gani ke nan. Shekara da shekaru in na hau gona ina ganin gidan kowa. Na san wadda ta hura wuta da wadda ba ta hura ba, in ban ga hayaƙi ba in sauka in tambaya lahiya. Kai kaɗai ne ban san inda zan duba ba. Garinka na da kyau, Ishaya, ban raina shi ba."

Sai ta juya shi ta nuna masa arewa maso yamma, ba tare da ta tambayi kowa ba. Can nesa sama ta fara haɗa baƙi.

"Ga gida can. Irina na cikin rumbu. In ka aje ni ɗakin nan ba ni hwaɗuwa, gaskiya ne. Amma kwana ukun ga ka ga abin da za ka samu: tsohuwa bakin taga."

Yaya ya daɗe yana kallon hadarin.

Da za mu sauka Mama ta ɗora gammo, ta duƙa za ta ɗaga damin. Ta ɗaga ya kai gwiwa, hannun hagun ya ƙi. Ta sake gwadawa. Sannan ta yi abin da ban taɓa ji ta yi ba tunda aka haife ni.

"Rifkatu, zo ki ɗauka. Hannun ga bai koma daidai ba."

Na ɗauka. Rabona da dami tun ina makarantar sakandare, wuyana ya shaida.

Ashe saukar ta fi hawan wuya ga mai sabon takalmi. Gwiwoyin Yaya suka shiga rawa, ya taka tsakuwa, sai ga babban ma'aikaci zaune daɓas a ƙasa. Mama ta tsayar da ni, ta zaro wani miƙaƙƙen itace daga damin da ke kaina, ta gwada ƙarfinsa a ƙasa, ta miƙa masa.

"Riƙe. Gefe-gefe, kamar yadda na koya maka kana ƙarami."

Ya dubi sandar, ya dubi Mama, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye, kuma ban rantse duka na dariya ba ne. Haka muka sauko: Mama a gaba hannu wofi karo na farko a rayuwarta, Yaya a tsakiya yana dogara itacen da ya gama zagi, ni a baya da kaya.

A gindin dutse ya jingina da mota ya ce, "Shi ke nan, ki koma. Amma da sharaɗi. Kin daina sauko da itace a kanki. Har abada."

"To wa za ya ɗauko?"

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na ce ni tela ce, ina da shago, ina da masu jiran ɗinki. Ba wanda ya saurare ni. Na shiga makirci, ga ladana.

Itacen bai tashi a banza ba. Da yamma Mama ta kafa duwatsu uku a bayan gidan, kusa da ɗakin maigadi, ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka. Hayaƙi ya fito da maƙwabta. 'Yar kudun nan ta zo da kwanonta, matar hawa na biyu ta samu nata har ɗaki, har mutumin da ya ce ba ya saye ya sauko ya ci malmala biyu, a nan ne Yaya ya ji sunansa. Sandar kuwa Yaya ya hana a sa ta a wuta, tana nan bayan ƙofarsa.

Ran Litinin muka kamo hanya. Kwana biyu da isowarmu ruwa ya sauka, kwana tara cif daga ranar gardamarsu da dattijon nan, kuma har yau Mama tana cigiyar wanda zai kai masa labari.

Saboda haka masu zuwa shagona ran Asabar da safe su tarar da shi a rufe, yanzu kun san inda nake. Muna hawa tare, tana gaba ina baya. Damin da take ɗaura min ya fi na Abuja nauyi, na yi ƙorafi har na gaji. Amma kafin ta taɓa fartanya, sai ta je bakin dutse ta ƙirga hayaƙin gidaje kamar yadda ta saba. In ta gama sai ta juya kudu maso gabas, inda ba abin da ake gani sai daji da sama, ta ɗan tsaya.

Ranar farko na tambaye ta me take kallo.

"Yayanki," ta ce. "Wajen can dai."